Masanin Wuski da Kwalbar Ganga Ɗaya

Wani ne a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa ya tafi Abuja cin rani. Bai iya gini ba, bai iya tuƙi ba, Turancinsa kuma bai wuce "yas sa" ba. Da ƙyar wani ɗan garinsu ya sama masa aikin wanke kofuna a wani kulob na Turawa da manyan 'yan boko.

To a kulob ɗin nan, duk ranar Alhamis akwai wasu mutum takwas da suke kewaye tebur. Ba irin shan 'yan tasha suke yi ba. Kwalba ɗaya za a kawo a dire a tsakiya kamar an kawo jariri ranar suna. A tsiyaya wa kowa ɗan kaɗan a wani kofin gilashi mai ƙaton ciki da tsukakken baki. Su ɗaga, su juya, su shanshana, su kurɓa, su lumshe ido, sannan kowa ya yi ta bayani. Mutuminka yana bayan tagar kicin da soso a hannu, baki buɗe. Kukun gidan, wani mutumin Filato mai jin Hausa, shi yake fassara masa abin da suke cewa. Ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Iyakarsa ƙanshin gindin kofi, shi ma bayan sabulu ya riga shi.

Wata biyu da kwana tara aka sallame shi. Kofi shida ya fasa wajen koyon juyawa. Na bakwai, mai tsagaggen baki, ya cusa a safa ya taho da shi gida.

Abokan tafiyarsa wani ya dawo da babur, wani da kwanon rufi. Shi ya dawo da hanci.

Washegari da safe matarsa Tasalla ta dama kunun tsamiya ta kawo masa. Ya zaro kofin daga safa, ya tsiyaya kunu, ya ɗaga sama yana kallo. Ya juya. Ya cusa hanci. Ya yamutsa fuska.

"Tasalla, tsamiyar nan daga bishiya nawa aka tsinko ta?"

"Bishiya nawa kamar yaya, Malam?"

"Ina jin uku. An gauraya. Ni yanzu ba na shan gauraye."

Tasalla ta dube shi, ta dubi kofin, ta miƙa hannu ta ɗauke kwanon.

"To zauna, bari in je daji in tambayo bishiyoyin."

Ranar sai azahar ya karya.

Bai daddara ba. Ya koma rumfar Labaran mai shayi a bakin kasuwa, nan ya kafa makaranta. Kullum zai zo ya hakimce a kan benci, a zuba masa shayi a kofinsa, ya shanshana, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwon da ya wuce magani.

"Ku dai Allah ya ji ƙanku. Kuna da harshe, amma ba ku san amfaninsa ba sai gulma. Kun taɓa jin singil kas?"

Ɗanasabe mai faci, wanda shagonsa yake jikin rumfar, ya ce, "Singileti? Ga ta a jikina."

"Ka ji ko! Jahilci ya fi hauka ciwo. Wuski nake gaya maka, na ƙasar Sikotilan. Da sha'ir ake yi, a jiƙa shi ya tsira, a busar da hayaƙi, a dafa, a zuba a gangar itace, a manta da shi shekara da shekaru. To akwai wanda kamfani yake tara ganga ɗari ya gauraya, kamar geron 'yan awo. Wannan na gama-gari ne. Akwai kuma wani gwani, ba shi da masana'anta, hanci kawai gare shi. Zai shiga rumbun ganguna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan nake so. Ya saye ta, ya ɗura a kwalabe, ya manna sunansa. Shi ne singil kas, wato ganga ɗaya. Kwalba ɗari biyu da wani abu. In sun ƙare sun ƙare, har tashin duniya babu irinsu."

"Wato dai irin Iya mai manja," in ji Ɗanasabe. "Ta sari jarka ta ɗura a kwalba."

Aka kwashe da dariya. Mutuminka ya yi murmushin tausayi.

Labaran ya dakata da firfita wuta. "Kai tsaya. Duk wannan dogon Turancin, ka sha ko ba ka sha ba?"

"Masani ba ya sha. Ɗanɗanawa yake yi."

"Ka haɗiye?"

"Wannan sirrin sana'a ne."

"Sirrin sana'a a jihar Kano? To ka riƙe sirrinka da kyau, kada ya zubo a rumfata."

Haka aka yi ta fama da shi har sati uku. Ya kushe fura, wai ba ta da zurfi. Ya kushe zoɓo, wai ɗanɗanonsa gajere ne, ba ya jimawa a maƙogwaro. Ruwan rijiyar masallaci ma sai da ya ce yaro ne, bai nuna ba. Mutane suka fara tashi daga benci in sun hango shi.

Ran nan ranar kasuwa, da hantsi, bayan cunkoson masu karin kumallo ya lafa, Labaran yana shara sai tsintsiya ta ci karo da wani abu a ƙarƙashin benci. Ya jawo. Kwalba ce a naɗe cikin tsumma, mai dogon wuya, da farar takarda a jikinta cike da rubutun Turanci. A ciki wani ruwa ne ja-ja, kalar shayin da ba madara.

"Wa ya manta wannan kuma?"

Mutuminka ya waiwaya. Sai da ya kusa faɗowa daga benci. Irin kwalbar ce sak, irin wadda ake direwa a tsakiyar tebur ranar Alhamis. Ya fizge ta da hannu biyu. Rubutun bai iya karantawa ba, amma lamba ba ta gagare shi.

"Allahu akbar! Kun ga nan? Ɗari da sha huɗu cikin ɗari biyu da sittin da biyu. Kun ga nan? Sha takwas. Shekararta sha takwas a ganga. Ganga ɗaya tilo! A ƙauyen nan!"

Ɗanasabe ya leƙo. "To ya na ga an toshe bakinta da totuwar masara?"

"Su Turawa ba sa rufe abu mai daraja da ƙarfe."

"Ga wani gari-gari a gindinta."

"Ba a tace ta ba. Ta ainihi ke nan. Ta bogi ce take garau."

"Wuyan kuma duk a karce."

"Tsufa ne. Kai in ka shekara sha takwas a kwance ba za ka karce ba?"

Labaran ya ja da baya yana karkaɗe riga. "In dai giya ce, fitar min da ita. Ni da iyali nake."

Suka koma bayan rumfa, gindin mangwaro. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga kasuwa. Masu awo suka rufe buhu, mahauta suka aje wuƙa, 'yan acaɓa suka kashe mashin. Aka yi masa zobe.

"To malam masani," in ji Ɗanasabe, "ga fili ga mai doki."

Mutuminka ya dubi kwalbar, ya dubi jama'a. Shi fa duk iyakarsa baki. Yana tsoron Allah daidai gwargwado, yana tsoron hukuma fiye da haka, amma abin da ya fi tsoro shi ne idanun nan da suka kewaye shi. In ya ja da baya yau, sati uku na wa'azi ya tashi a banza. Ya ce a ransa, ai taɓa harshe kawai zan yi in tofar, tofarwa ba sha ba ce.

Ya zaro kofi daga safa. Ya murɗe totuwar. Wani wari ya taso, ƙudajen da suke kan bawon mangwaro suka watse. Na gaba-gaba suka toshe hanci.

"Wannan ai mushe ne!"

"Hancin da bai je makaranta ba haka zai ce."

Ya tsiyaya. Ya ɗaga wa rana. "Ku dubi kala. Zinariya tsantsa, ba a ƙara mata komai ba." Ya juya. Ya cusa hanci. Hawaye suka cika masa ido nan take, ya maze.

"Me ka ji?"

"Hayaƙi," ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Hayaƙin ƙasar Sikotilan. Sai... sai ciyawa. Ɗanyar ciyawa, irin ta makiyayar Turawa bayan an ɗauke ruwa."

Ya kai kofin baki, ya ɗan kurɓa. Wani ɗaci ya kama shi tun daga leɓe har tsakiyar ka, kamar an buga masa ƙusa. Ya kumbura kumatu yana neman inda zai tofar. Daidai nan Ɗanasabe ya ɗaka masa duka a gadon baya.

"Yi magana mana!"

Ƙut! Ta wuce.

Ya tsaya ƙiƙam, ido waje, jijiyoyin wuya sun tashi. Ya tuna yadda Turawan Alhamis suke yi, sai ya lumshe ido ya gyaɗa kai sau uku.

"Kai! Kai! Kai! Wanda ya zaɓi gangar nan ya san aikinsa. Ga ɗacin itacen ganga, mai dattaku. Ga gishiri-gishiri, iskar teku ce ta ratsa ta shekara sha takwas. Ga wani ɗumi daga ƙarshe, mai dogon zango, har yanzu yana tafiya."

"Ina ya kai?"

"Ya wuce cibiya."

Tunda ta riga ta wuce, ya ga babu sauran abin ɓoyo. Ya sa aka miƙo masa ruwa da tsinken tsintsiya. Ya tsoma tsinken, ya ɗiga ɗigo biyu a kofin.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Don ta buɗe."

Ya sake kurɓa. Ta buɗe kuwa. Ya ƙara na uku don kada a ce tsoro yake ji. Kwalba ta yi rabi.

Daga nan ya zauna yana jiran maye. Shiru. Babu abin da yake ji sai ɗaci da wani ƙugi a ciki. Ya ce a ransa, abu mai ƙarfi haka, in aka ga ban bugu ba za a ce ta bogi ce. Sai ya miƙe ya fara tangaɗi. Ya gaida wata akuya da Turanci. Ya sara wa mai rake. Ya rungumi turken rumfar mahauta yana ce masa tsohon abokina. Ya yi baya-baya ya zauna daɓas a cikin kwandon tumatir na wata tsohuwa. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Sarkin kasuwa ya zo da mutanensa. Aka ɗaga shi caɗak, shi da kwalbarsa da kofinsa, sai ƙofar gidan dagaci. Rabin kasuwa na biye.

Dagaci yana zaune a zaure, liman na gefensa. Aka durƙusar da mutuminka, bayan wandonsa ja-wur da tumatir.

"Kai ne ka sha giya a kasuwata da rana tsaka?"

"Ranka ya daɗe, ba giya ba ce irin wadda ka sani. Ta ganga ɗaya ce."

"Ko ta rijiya ɗaya ce. Ka sha?"

Mutuminka ya dubi taron da ya toshe ƙofar zaure. Duk garin yana kallonsa. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa taruwa dominsa haka ba.

"Na ɗanɗana, ranka ya daɗe. Sau uku."

Liman ya yi salati. "Yaro, ka san abin da kake faɗa? In ka maimaita wannan a gaban alƙali, bulala tamanin ce."

Kafin ya ba da amsa sai aka ji sallama. Wani dattijon Bafulatani ne, Hamidu, da malafa da sanda a kafaɗa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, kwalbata na biyo. Na sha shayi da safe na manta ta a ƙarƙashin benci. An ce tana nan."

Dagaci ya gyara zama.

"Hamidu, da furfurarka? Kai ne mai giyar?"

"Wace giya? Subhanallahi! Maganin tsutsar ciki ne. Bijimina na noma da na ba Malam Sani aro ya daina cin abinci, shi na haɗo wa."

Mutuminka ya yi wuf. "Ƙarya ne! Ranka ya daɗe, a duba takardar jiki. Shekara sha takwas!"

"Shekaranjiya na jiƙa shi," in ji Hamidu. "Kwalbar kuwa a Tudun Wada na saya wurin masu tsofaffin kwalabe. Wuyanta na gani dogo, yana kaiwa har maƙogwaron sa. Ka ga karcen nan? Haƙorin bijimina ne, bara da na yi masa ɗura."

Wani daga waje ya fara dariya, aka ce masa ya yi shiru.

Dagaci ya danne murmushi da gefen rawani. "Me da me ka zuba a ciki?"

"Sassaƙen maɗaci."

"Itacen ganga mai dattaku!" Ɗanasabe ya faɗa daga bakin ƙofa.

"Da jar kanwa."

"Iskar teku!"

"Da tokar murhu."

"Hayaƙin Sikotilan!"

"Sai ɗan fitsarin karsana, don ya kama jiki."

Wannan karon ba Ɗanasabe kaɗai ba, duk taron ne ya amsa baki ɗaya: "Makiyayar Turawa!"

Zaure ya kece. Sarkin kasuwa ya riƙe ciki ya jingina da bango. Tsohuwa mai tumatir ta manta da asararta tana share hawaye. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa.

Mutuminka yana durƙushe, mayen da ya ara ya gudu ya bar shi. Cikinsa ya yi wani ƙugi mai tsawo, har dagaci ya waiwaya ya duba ko hadari ne.

Da aka lafa, dagaci ya ce, "To ka ji. Yanzu magana biyu ce, ka zaɓa. In ka tsaya a kan giya ka sha, in haɗa ka da takarda zuwa gaban alƙali. In kuwa ka yarda maganin sa ka sha, ka ba tsohuwa haƙuri ka kwashe mata tumatirinta, ka tafi gida."

Mutuminka ya sunkuyar da kai. Ya hango kansa gobe a rumfar Labaran. Ya hango yaran gari suna binsa suna kukan shanu. Ya hango fuskar Tasalla in ta ji, da irin abin da za ta ce in ta kawo masa dusa a kwano.

"Allah gafarta Malam," ya ce wa liman, "ta giya bulala nawa ka ce?"

"Tamanin."

"Ta maganin sa fa?"

"Babu. Sai dai dariya."

"Ita dariyar ta kwana nawa ce?"

Ɗanasabe ya ce, "Har jikokinka."

Mutuminka ya fara cire riga. "Ranka ya daɗe, a rubuta takardar. Giya na sha."

"Ba ka sha ba," in ji liman. "Ga mai kwalba, ga shaidu. Ba a yi wa mutum haddi a kan kanwa."

"To ko arba'in a yi min, tunda niyyata ta giya ce."

"Babu."

"Ashirin, Malam. Don Allah. Mutane su dai san na kurɓi wani abu."

"Ko ɗaya."

"Goma fa? Ni zan kawo bulalar."

Ana cikin wannan ciniki Hamidu ya miƙe. Ya ɗauki kwalbarsa, ya ɗaga wa hasken ƙofa, ya auna abin da ya rage da yatsa. Ya mayar da totuwa ya toshe. Ya dubi mutuminka tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa dabba a kara, sannan ya juya ga dagaci.

"Allah ya ba ka nasara, ni ba ruwana da bulala. Amma maganin nan na kwana uku ne, in an fara ba a yankewa. Gobe da hantsi a koro min shi ruga, a zo da mutum biyu masu riƙe ƙaho."